Me Ake Koyarwa a Jami'ar Sufuri ta Daura?

Ranar 2 ga Disamba, 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya shimfiɗa dogon Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan, shi ya ɗauki nauyin ginin, kuma kuɗin da aka ambata dala miliyan 50 ne. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ce sharuɗɗa uku ya gindaya wa kamfanin: a kai yaranmu Sin su karanto aikin dogo, a kafa masana'antar harhaɗa taragu a gida, a kuma gina jami'a. Ɗalibai sun fara tafiya tun 2018, masana'antar tana Kajola a jihar Ogun, jami'ar kuwa ta sami dokar kafuwarta a 2023, aka naɗa Farfesa Umar Adam Katsayal shugabanta na farko.

Hayaniyar da aka yi a lokacin duk a kan wuri ta ƙare. Masu suka suka ce an kai ta Daura ne don mahaifar shugaban ƙasa ce, masu kāre ta suka ce ai dogon Kano zuwa Maraɗi ta nan zai ratsa. Kowa da hujjarsa, gini kuma ya riga ya tsaya, ba ɗaga shi za a yi ba. Tambayar da aka bari a baya ita ce wadda uba zai yi in ɗansa ya zo masa da takardar JAMB: me ake koyarwa a wurin, kuma me ya sa sai an ware wa sufuri jami'a sukutum? Har yau akwai masu ɗauka makarantar koyon tuƙi ce aka sa wa babbar riga.

Irin wannan makaranta ta daɗe a duniya. Faransa ta buɗe tata ta gadoji da hanyoyi a 1747. Rasha ta kafa tata a St. Petersburg a 1809, ta ɗauko wani injiniya ɗan Sifaniya mai suna Betancourt ta ba shi shugabanci. Abin lura, a lokacin babu jirgin ƙasa a Rasha, hanyoyi da magudanan jiragen ruwa ake koyarwa. Jirgin ƙasan fasinja na farko sai a 1837 ya tashi a can, kuma da aka zo shimfiɗa babban layin St. Petersburg zuwa Mosko, wanda aka buɗe a 1851, waɗanda suka fito daga wannan makaranta su suka ja ragamar aikin. Sun tanadi mutane kafin su tanadi ƙarfe.

Ita kuwa Sin, da yake daga gare ta muka yi aron wannan tsari, labarinta ya fi kusa da mu. A 1896 aka buɗe wata 'yar makarantar dogo a Shanhaiguan, saboda injiniyoyin Ingila ne ke shimfiɗa layi a arewacin ƙasar kuma babu 'yan gida da za su karɓa daga hannunsu. Daga baya makarantar ta koma Tangshan, yaƙi ya yi ta kora ta daga wannan gari zuwa wancan, a ƙarshe ta zauna a Chengdu da sunan Jami'ar Jiaotong ta Kudu Maso Yamma. Cikin ɗalibanta akwai Mao Yisheng, wanda ya gina gadar kogin Qiantang mai hawa biyu, jirgi a ƙasa mota a sama. An buɗe ta a Satumbar 1937, kafin shekarar ta ƙare kuma aka dasa mata nakiya da saninsa, don kada sojojin Japan su haye. Bayan yaƙi shi ya koma ya gyara ta. Har zuwa shekarar 2000 wannan jami'a da wasu 'yan'uwanta a ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ƙasa suke. Ma'aikatar ce ke faɗin irin mutanen da take buƙata, ita ke ba da fagen koyon aiki, ita ke ɗaukar waɗanda suka gama. Layin jirage masu gudun tsiya da Sin ke alfahari da shi yau, wanda ya haura kilomita 40,000, daga irin waɗannan azuzuwa ya fito.

Mu kuwa mun ga jirgi da wuri. Dogo ya iso Kano a 1911, shekara ta zagayo cinikin gyaɗa ya buɗe, dalar gyaɗa ta biyo baya. Layi ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Amma ilimin aikin a hannu ya zauna: Bature ya zana, ɗan ƙasa ya koya a wuraren gyaran Ebute Metta da Inugu da Zariya, ya zama gwani a kan abin da ya tarar. Da reluwe ta fara ja da baya tun daga shekarun 1970, gwanayen suka yi ritaya ɗaya bayan ɗaya da iliminsu a ka. An ɗauko 'yan Indiya sun riƙe hukumar jiragen ƙasa daga 1979 zuwa 1982, an ba CCECC kwangilar gyara a 1995, kowane zagaye sai an sake neman baƙo. Wannan giɓi ne ake so jami'ar Daura ta cike.

Karatun ya kasu gida biyu. Akwai injiniyanci, inda ake koyon ginin dogo da hanya da gada, da injina, da lantarki. Akwai kuma gudanarwa, wato yadda ake tafiyar da tasha, da tsara zirga-zirgar kaya, da harkar jiragen sama da na ruwa. A takarda abin ya yi kama da na kowace jami'a. Bambancin sai an sunkuya a kan layin kansa ake ganinsa.

Darasin farko shi ne faɗin da ke tsakanin ƙarafa biyun. Tsohon layinmu na zamanin Turawa, mai tsawon kilomita 3,505, faɗinsa milimita 1,067 ne. Sababbin layukan, irin na Idu zuwa Rigasa, wato Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso kuma mita ɗaya ne cif, irin na Kwatano zuwa Parakou. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Duk inda layuka biyu masu bambancin faɗi suka haɗu, sai an sauke kaya an sake lodi, kuma kowane sauke-ɗauka kuɗi ne, lokaci ne, ɓarna ce. Shawarar da wani injiniya ya yanke shekara ɗari da suka wuce don ya rage kuɗin gini, ita ɗan kasuwar yau ke biya.

Sai zafi. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji rana, ya tsuke in ya ji sanyi. A watan Afrilu a ƙasar Daura, in iska ta kai digiri 40, ƙarfen da ke kwance a rana yana iya doshin 60. Da asubar hunturu kuma ya sauko ƙasa da 15. A wannan tazara, dogo mai tsawon kilomita ɗaya zai so ya ƙaru da kusan rabin mita. Mutanen dā sun warware matsalar da barin 'yar kafa tsakanin kowane ƙarfe da na gabansa, ita ce ke ba da ƙarar nan ta ƙaƙas-ƙaƙas da duk wanda ya taɓa shiga tsohon jirgin Legas ya sani. Layin zamani walda ake yi masa ya zama ɗaya, ba kafa. To ina rabin mitar nan za ta? Ba a barinta ta je ko'ina. Ana ɗaure ƙarfen ne a lokacin da zafinsa ke tsaka-tsaki, a matse shi da maƙalai a jikin gungumen kankaren da ke jere a ƙarƙashinsa, tsakuwa kuma ta riƙe gungumen ta ko'ina. Ƙarfen yana ta yunƙuri a ciki, an hana shi motsi. Shi ya sa wanda ya kwance maƙalan nan ya kai wa 'yan gwangwan, ko ya kwashi tsakuwar ya yi daɓe, bai san girman abin da ya aikata ba. Ranar da zafi ya yi zafi, wurin da ya sassauta nan ƙarfen zai kauce gefe guda, direba kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Ɗalibin dogo yana koyon lissafin wannan yunƙuri, da yawan tsakuwar da za ta iya riƙe shi, da lokacin da ya halatta a kwance layi don gyara.

Ƙasar da ke ƙarƙashi ma darasi ce mai zaman kanta. A ɗakin gwaji za a ba ɗalibi ƙasar da aka haƙo daga inda hanya za ta bi. Ya tankaɗe ta, ya auna, ya zuba ruwa daidai gwargwado, ya zuba a wani gwangwanin ƙarfe yana dannawa da guduma hawa-hawa. Sannan ya tsoma gwangwanin a ruwa kwana huɗu, don ya ga halin ƙasar a tsakiyar damina. Bayan nan ya sa ta a inji, wani ƙarfe ya riƙa nutsewa cikinta a hankali, shi kuma yana rubuta ƙarfin da aka sa. Lambar da ta fito ita ke faɗin kaurin shimfiɗar da za a yi. Jar marmara takan ba da lamba mai kyau. Baƙar lakar nan ta wasu sassan Borno da Adamawa kuwa kumbura take da damina ta tsattsage da rani, in ba a canja ta ko an haɗa ta da siminti ko farar ƙasa ba, duk abin da aka ɗora mata sai ta karya shi. Yawancin hanyoyin da muke zagin kwaltarsu, ciwon a ƙasa yake.

A fannin hanyar mota akwai wani lissafi da ya kamata kowane ɗan majalisa ya haddace. Tsakanin 1958 da 1960 Amurkawa suka shimfiɗa hanyoyin gwaji a jihar Illinois, suka sa manyan motoci suna zagayawa dare da rana da lodi iri-iri, suna auna lalacewa. Abin da suka gano shi ne, ɓarnar da jerin taya ɗaya ke yi wa hanya tana ninkuwa fiye da yadda nauyinsa ke ninkuwa, nesa ba kusa ba. In ka ninka nauyin sau biyu, ɓarnar takan ninku kamar sau 16. In aka tsara hanya a kan tan 10 ga kowane jerin taya, tirela ta zo da tan 13, ɓarnarta ta kusa ninki uku. Idan duk manyan motoci haka suke lodi, hanyar da aka gina don ta yi shekara 20 za ta ƙare a wajen shekara bakwai. Ƙananan motoci kusan ba su cikin lissafin ma. Daga nan ɗalibi zai fahimci amfanin sikelin auna motoci a bakin hanya, ya kuma gane dalilin da ya sa siminti da takin zamani da mai da hatsi dogo ya kamata su bi. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya cin ƙarfi da yawa wajen ja, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan lodin tireloli masu yawa.

Sai dai wannan santsin da ke sa jirgi arha shi ne kuma matsalarsa. Ba ya son hawa. Tudun da ke tashi mita ɗaya cikin kowace mita ɗari, wanda direban mota ba zai ma lura da shi ba, ga jirgin kaya babban al'amari ne, saboda haka ake yanke tudu, a cike kwari, a yi zagaye mai nisa. Ba ya kuma tsayawa da wuri. Jirgin kaya mai cikakken lodi yana iya cin fiye da kilomita ɗaya bayan an kama birki. Ke nan in direba ya hangi abu a gabansa, sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu kutsa kai a mahaɗar dogo da titi suna ganin jirgi na nesa, wannan ne ba su sani ba.

Tunda ido ba ya isa, sai aka ƙirƙiro sigina. Ana yanka layi yanki-yanki, doka kuma ɗaya ce: jirgi biyu ba sa zama a yanki ɗaya. A tsohon tsarin layi guda, akan miƙa wa direba wata alama ta ƙarfe a tasha, ba ya shiga yankin sai tana hannunsa, na'urar kuma ba ta sakin ta biyu sai an mayar da ta farko. Yau lantarki da kwamfuta ke wannan aiki, suna kuma kulle makarkatar layi yadda ba za a ba jirgi hanya ba sai an tabbatar ta zauna daidai. An gina tsarin ne yadda in wani abu ya lalace, fitila ja za ta nuna, komai ya tsaya. Fasinja zai yi tsaki don an makara, amma yana da rai.

Masu karatun gudanarwa daga nan nasu aikin ke farawa. A ce layi guda ne, wuraren da jirage ke iya wuce juna suna da tazarar kilomita 30, jirgi kuma yana tafiyar kilomita 60 a awa. Mai zuwa zai ci rabin awa, mai dawowa rabin awa, ke nan jirgi ɗaya kowane ɓangare a awa guda, kafin a cire lokacin gyara da jinkiri. In aka ƙara wurin wucewa ɗaya a tsakiya, adadin ya kusa ninkuwa, ba tare da an shimfiɗa layi na biyu ba. Mutumin da ya iya wannan lissafi yana iya tsame gwamnati daga bashin biliyoyi, amma da yake ba a yanka masa zare da almakashi, ba a cika jin sunansa ba.

Tsara tafiyar kaya kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Madugun ayarin Gwanja ya san zango nawa ne tsakaninsa da goro, ina ruwa yake, ina za a biya fito, jaki nawa zai iya rasawa bai karye ba, kuma bai taɓa fita da dabbobi ba kaya don kawai zai dawo da lodi ba. Darasin na yau shi ne wannan, an sa masa lambobi. Kwantenar da ta sauka a Apapa tana da kwanakin da aka ba ta kyauta, bayan su tara ake biya kullum. An kafa tashoshin tsandauri, ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtua a 2024, don kaya su taho a rufe a yi musu aikin kwastam kusa da gida. Amma in kwantena ta zo Kano cike ta koma wayam, mai kayan ya biya zuwa da dawowa. Sai an sami wanda zai haɗa ta da riɗi ko zoɓo ko citta daga Dawanau kafin lissafin ya fita. Haka ma dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Burinsa ya janyo kayan Nijar da ke bi ta Kwatano da Lome, amma ɗan kasuwar Maraɗi ba don zumunci zai canja hanya ba, sai an nuna masa ragin kuɗi da ragin kwana.

Tsarin shekarun bai bambanta da na sauran jami'o'in Najeriya ba. Injiniyanci shekara biyar ne, gudanarwa huɗu. Shekarun farko lissafi ne da fiziks da zane, abin da kowane injiniya ke yi, sai daga baya a shiga dogo ko hanya gadan-gadan, da watannin koyon aiki a waje. Hukumar NUC ke amincewa da kwasa-kwasai, COREN kuma ita ke tantance na injiniyanci, kuma iyaye su riƙa tambayar matsayin kwas a wurin hukumomin nan biyu kafin yaro ya cike takarda. Yaron da ke gudun lissafi kuwa, gara a nema masa wani wuri tun da wuri.

A ganina gini shi ne mafi sauƙi a cikin abin da jami'a irin wannan ke buƙata. Misali, Sin ɗin nan ita ta shimfiɗa wa Tanzaniya da Zambiya dogon TAZARA mai kilomita 1,860, aka gama a 1975, kuma daga sashen da ya yi wannan aiki CCECC ya samo asali. Layin ya yi kyau, amma rashin gyara da rashin kayan aiki suka durƙusar da shi. Abin da ke hana haka malamai ne da suka taɓa aikin da hannunsu. Masu digirin digirgir a kan sigina ko kan jirgi ba su da yawa a ƙasar nan. Yaran da suka dawo daga Sin iri ne mai kyau in an riƙe su, tsofaffin ma'aikatan reluwe kuma, waɗanda ke gane ciwon taya daga ƙarar da ta yi in an buga mata guduma, ya kamata a jawo su ɗakin koyon aiki tun suna da sauran ƙarfi, ko da ba su da takardar da za ta sa a kira su malaman jami'a. Akwai kuma maƙwabta da ba a buƙatar yin kishi da su: Zariya na da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama tun 1964 da cibiyar fasahar sufuri tun 1986, Oron na da makarantar aikin jiragen ruwa tun 1979. Daura ba ta da teku. Ɗalibin da ke karanta harkar tashar ruwa dole a kai shi inda zai ga jirgin ruwa da idonsa.

Batun aikin yi ma a faɗi gaskiya. Hukumar jiragen ƙasa ita kaɗai ba za ta iya kwashe duk masu fitowa ba. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shimfiɗa nasu dogon, Legas tana tafiyar da nata jiragen cikin gari, kamfanonin siminti da na dakon kaya suna neman masu tsara musu zirga-zirga. Wanda aka ba shi tushe mai ƙarfi na injiniyan gini ko na injina ba zai rasa abin yi ba ko da dogo ya yi jinkiri, saboda haka kada a ƙuntata karatun tun daga ajin farko.

Dama ɗaya ce jami'ar ke da ita wadda ba za ta maimaitu ba. Layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi, wato a ƙofar gidanta ake cike ƙasa, ana zuba tsakuwa, ana walda, ana dasa sigina. Ma'aikatar sufuri da hukumar jami'ar su sa a rubuce cewa kowane ɗalibi sai ya yi watanni a wannan fage, kuma a bar wa jami'ar kwafin zanen layin da sakamakon gwajin ƙasarsa, tun kafin ɗan kwangila ya naɗe kayansa.